Nehemiya da Gonakin Ƙasar Gobir

Abin karantawa: Nehemiya sura 5, Levitikus sura 25.

Yawancinmu idan aka ambaci Nehemiya sai mu tuna da ginin ganuwar Urushalima, da magina waɗanda su ke aiki makamansu na kusa da su. Amma a tsakiyar wannan aiki, magabta suna kewaye, ganuwa kuwa ba ta ƙare ba tukuna, sai mai rubutun ya dakata da zancen duwatsu, ya ba da sura guda ga zancen hatsi da bashi da gonaki. Talakawa ne suka zo da matansu suna kuka. Waɗansu sun ce iyali sun yi yawa, ga shi babu hatsi. Waɗansu sun jinginar da gonakinsu da gidajensu domin su sami abin sawa a baka cikin yunwa. Waɗansu kuma sun ci bashi don su biya harajin sarkin Farisa, har abin ya kai ga ba da 'ya'yansu bauta. Abin da ya fi ciwo, waɗanda suka karɓe gonakin ba baƙi ba ne. 'Yan'uwansu ne Yahudawa, manyan gari da masu riƙe da sarauta.

Mun ɗauko wannan sura a wannan wata sabili da manoman ƙasar Gatawa, gama irin kukan da aka kai wa Nehemiya shi ne a bakinsu. Ga masu karatu na nesa, na Jos ko Kagoro ko Biliri, bari mu gwada musu wurin. Gatawa tana cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni, a arewa maso gabashin Jihar Sakkwato. Isa tana maƙwabtaka da su, iyakar Nijar kuwa tana nan kusa wajen arewa. Ƙasar Gobir ke nan. Bayan da birnin Alkalawa ya faɗi a 1808 Gobirawa suka watsu. Waɗansu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma aka kafa Sabon Birni. Domin haka iyakar da Turawa suka ja ta ratsa ta tsakiyar dangi ɗaya ne, wa yana Nijeriya, ƙane yana Nijar, harshe ɗaya, abinci ɗaya. Gulbin Bunsuru da na Gagare da na Maraɗi duk cikin Rima su ke zuba ruwansu, shi ya sa ƙasar ta ke da fadama mai albarka. A tudu a kan shuka gero da dawa da wake da gyaɗa cikin damina mai wata uku ko huɗu. A fadama kuwa ga shinkafa, da rani kuma ga albasa da tattasai.

Wani zai ce, Masu bi nawa ne a Gatawa, har da za a cika shafi da zancenta? Gaskiya ne, mu kaɗan ne a wannan gefe, manoman wurin kuwa kusan dukansu Musulmi ne. Amma sa'ad da annabi Irmiya ya rubuta wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila, ya umurce su su nemi alherin garin da su ke baƙunci a ciki, su kuma yi masa addu'a, da ya ke zaman lafiyarsu a ɗaure ya ke da nasa (Irmiya 29:7). Mudun gero a kasuwar Sakkwato ba ya tambayar addinin mai saye. In ya yi tsada, ya yi wa kowa. Littafin Misalai kuma (31:8, 9) ya ɗora wa mai baki nauyin yin magana domin wanda ba a jin muryarsa, bai kuwa ce sai in ɗan ekklesiyarku ne ba.

Kalmar da kakanninmu suka bar mana a kan wannan batu ita ce gandu. Maigida da 'ya'yansa maza, wani lokaci har da ƙannensa, suna noman gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya. Maigida shi ke fid da iri, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa saurayi aure. Da yamma, ko a ranar da aka keɓe, kowa ya tafi gayaunarsa, wadda mutanen wajen Gobir da Maraɗi su ke kira gamana, abin da ya samu a can kuwa nasa ne. Idan aiki ya fi ƙarfin gida sai a kira gayya. Ba mu ce gandu ba shi da aibi ba. Akwai magidanta masu matse 'ya'yansu, akwai kuma matan da mazansu suka rasu, dangin miji suka karɓe musu gona tun ba a tashi daga zaman makoki ba. Duk da haka, a cikin gandu ne yaro ya ke koyon wane gero ne ya ke nuna da wuri, wace gona ce ta ke karɓar binne, wane ruwa ne na shuka, wane kuma na yaudara. Ba mu san makarantar da ta ke koyar da wannan ba. Har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ga darajar abin, ta sa wa shekarar 2014 suna shekarar noman iyali, ta kuma keɓe daga 2019 zuwa 2028 domin wannan magana.

Yanzu sai mu buɗe Levitikus sura 25, gama can ne tushen fushin Nehemiya ya ke. A cikin surar nan Ubangiji ya ba Isra'ila doka biyu game da ƙasa. Ta fari, a bar gona ta huta a kowace shekara ta bakwai. Ta biyu, kada a sayar da gona sayarwa ta har abada. In talauci ya sa mutum ya rabu da ita, danginsa suna da ikon fansa, in kuwa babu mai fansa, a shekara ta hamsin ta komo hannun gidan da ta fito. Dalilin da aka bayar shi ne, ƙasa ta Allah ce, mutum baƙo ne a kanta. Ku lura fa, hutun gona da zaman gona a hannun iyali, cikin sura ɗaya aka haɗa su. A ganinmu ba a banza aka yi haka ba. Kowane manomi ya san mai gonar aro ba ya kwasar takin gidansa ya kai mata, gama yana tsoron da ta yi kyau mai ita zai ce ya dawo da abarsa. A al'adarmu ma ba a yarda mai aro ya dasa itace ba. Wanda ya tabbata jikansa zai gaji gonar, shi ne mai ɗaukar toka da kashin awaki a kan jaki tun da rani, shi ne mai roƙon makiyayi ya kwana da shanunsa a gonar bayan girbi, shi ne mai barin gawo ya girma. Wanda bai tabbata ba sai ya tatse ta ya wuce. Saboda haka duk hukumar da ta ke so ƙasa ta daɗe tana ba da amfani, tilas ta fara da tabbatar wa iyali cewa gonarsu tasu ce, za su kuma kai ga girbin abin da suka shuka.

Wannan tabbaci shi ne ya ɓace a ƙasar Gobir. Littafin Alƙalawa sura 6 (sunan ya yi kama da na tsohon birnin Gobir, amma ba shi ba ne) ya ba da labarin zamanin da Isra'ilawa su ke shuka, mahara su zo su lalatar, har Gidiyon ya koma sussukar alkama a ɓoye. Mutumin Sabon Birni ko Isa ba ya bukatar a fassara masa wannan sura. Ran 27 ga Mayu 2020 'yan bindiga suka kashe mutum fiye da saba'in a ƙauyukan Sabon Birni, cikinsu har da Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari. Tun daga 2019 dubun dubatar mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka ƙetare zuwa jihar Maraɗi gudun hijira. A watan Yuli 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komowa daga Sakkwato, a watan Agusta kuwa aka ji ya rasu a hannunsu. In an iya yi wa uban ƙasa haka, ina talaka mai kalme a kafaɗa?

Amma kisa shi ne abin da jarida ta ke ɗauka. Akwai wata ɓarna mai tafiya a hankali wadda ba a bugawa. A cikin shekarun nan ƙauyuka da yawa sun biya mahara kuɗi kafin a bar su su yi shuka, suka sake biya kafin a bar su su yi girbi. Haraji na biyu ke nan, ga wanda bai gina rijiya ko ɗaya ba. Idan aka ɗauke ɗan gida, kuɗin fansa daga ina zai fito? A sayar da sa na huɗa, a sayar da tumaki, a buɗe rumbu, a ƙarshe a jinginar da gona. Gonakin nesa a bar su ga ciyawa, na bakin gari kuwa a noma su shekara kan shekara ba hutu ba taki, gama dabbobin da su ke ba da takin sun tafi. Samari su fita ci-rani su ƙi komowa. Haka gandu ya ke mutuwa, ba a ji ƙarar bindiga ba a ranar da ya mutu.

A nan wajibi ne mu yi hankali da bakinmu. Kada wani mai wa'azi ya hau bagade ya mai da kabila guda Midiyanawa. Makiyaya da yawa su ma an kore musu shanu, an kashe musu 'ya'ya, an kuma kama waɗansu da laifin da ba su yi ba. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar makiyaya a 1965, akwai kuma burtali da mashaya waɗanda kowa ya sani tun zamanin kakanni. Da yawansu garma ta cinye su, waɗansu kuwa masu iko ne suka raba wa kansu. Faɗan makiyayan Ibrahim da na Lutu (Farawa 13) a kan ƙarancin fili ne, da magana kuma aka kashe shi. Wannan ba uzuri ba ne ga mai kisa, ko kaɗan. Amma wanda ya ke neman a tsare masa gonarsa, ya kamata ya yarda a tsare wa makiyayi hanyarsa.

Sai mu juya ga hukuma. Ba za mu ce ba ta taɓa tunawa da noma ba. An yi shirin Ciyar da Ƙasa a 1976, an yi na Juyin Noma a 1980, an buɗe lamunin Babban Banki ga manoman shinkafa a Kebbi a 2015. Kowanne ya zo da kiɗa. Amma akwai labari ɗaya da ya kamata kowane mai tsara wa manoma shiri ya karanta kafin ya ɗauki alƙalami, watau labarin Bakolori, kusa da Talatar Mafara, a ƙasar da a lokacin ta ke cikin Jihar Sakkwato, tun 1996 kuwa ta ke cikin Zamfara. An gama madatsar ruwan a 1978 da nufi mai kyau, a yi noman rani mai faɗi. Ruwa ya cinye gidaje da gonakin dubban mutane. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin ban-ruwa aka hana su shuka a lokacin da injuna su ke baje ƙasa, aka sare itatuwansu masu amfani, diyya kuwa ta yi ta jan ƙafa. Na ƙasa da madatsar suka rasa ambaliyar da ta ke jiƙa musu fadama kowace shekara. Da manoma suka gaji suka tare hanyoyi, sai aka aiko da 'yan sandan kwantar da tarzoma a watan Afrilu 1980. Gwamnati ta ce mutum ashirin da wani abu suka mutu; mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne.

Mai karatu zai tuna da Naboth (1 Sarakuna 21). Sarki Ahab bai fara da ƙwace ba. Ya fara da tayi mai kyau, ya ce zai ba da gona wadda ta fi, ko kuwa kuɗi. Abin da bai gane ba shi ne, gadon kakanni ba kayan kasuwa ba ne a wurin Naboth. Masu tsara Bakolori ma sun auna ruwa, sun auna ƙasa, amma ba su zauna sun ji bakin masu ƙasar ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa dukan filin jiha a hannun gwamna, a kan amana domin jama'a. Ta ba ƙaramar hukuma ikon ba manomin ƙauye takardar shaidar riƙo ta gargajiya. Ta kuma ba gwamna ikon karɓe fili domin amfanin jama'a, diyya kuwa a kan amfanin gona da gine-gine a ke biya, ba a kan ƙasar kanta ba. Kalmar amana tana cikin dokar. Aikinmu ne mu riƙa tuna wa masu riƙe da ita cewa akwai Mai ƙasa wanda zai tambaye su.

Yanzu ku zo mu ƙetare iyaka kaɗan, mu ga abin da ya faru sa'ad da aka bi ta ɗaya hanyar. A farkon shekarun 1980 ƙasar Maraɗi ta zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi har mutum ya sake shuka sau biyu ko uku. Wani ma'aikacin mishan na S.I.M., Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya yi ta rabon dashen itatuwa, yawancinsu kuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran nan da manoma su ke sarewa kowace shekara a lokacin sassabe, su sabara da kalgo da geza, ba ciyawa ba ne. Kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana can zurfi tun da daɗewa. Abin da su ke bukata kaɗai, a zaɓi rassa mafi ƙarfi, kamar uku zuwa biyar, a datse sauran, a tsare su daga wuta da gatari. Mutanen Nijar suka sa wa dabarar suna sassabin zamani. A cikin yunwar 1984 aka haɗa ta da rabon abinci, ƙauyuka da yawa suka karɓa. Da abinci ya ƙare, mafi yawan itatuwan aka sare su.

Don me aka sare? Waɗansu dai tsoron dariyar maƙwabta ne, kada a ce gonarsu ƙazama ce. Amma babban dalili yana cikin doka. Tun zamanin Faransawa itace na gwamnati ne, ko da a tsakiyar gonarka ya tsiro; in ka sare reshe malamin daji zai ci ka tara. Wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Da ma'aikatan daji suka sassauta, aka bar manomi ya ci amfanin itacen da ya rena, sai abin ya kama kamar wutar kaka, daga gona zuwa gona, ba tare da an biya kowa ba. Nijar ta kafa dokar karkara a 1993, da kwamitocin ƙasa waɗanda suka sauko har ƙauyuka, ta kuma sake dokar daji a 2004. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na dā da na baya sun ƙiyasta fili wajen hekta miliyan 5 ya farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo wata babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso wanda ya rayar da busasshiyar ƙasa da 'yan ramukan taki.

Ba mu faɗi wannan domin mu yabi mishan ba, gama shi kansa mai dabarar bai dasa waɗannan miliyoyin ba. Talakawa ne suka yi, Musulmi mafi yawansu, da lauje da gatari. Gawon nan kuwa, ku dubi hikimar Mahalicci a kansa: yana zubar da ganye da damina, lokacin da gero ya ke son rana, ganyen ya zama taki, da rani ya yi kore, ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. Ƙasar Gatawa da ta Maraɗi kusan ƙasa ɗaya ce, ruwa ɗaya, itatuwa iri ɗaya. Abin da ya yiwu a can, ba mu ga abin da zai hana shi a nan ba, in dai manomi ya sami kwanciyar rai. Shari'ar Musa ta hana a sare itace mai ba da abinci ko a lokacin yaƙi (Kubawar Shari'a 20:19), balle a lokacin sassabe.

To, me za mu roƙa a wurin masu mulki? Na farko dai a bayyane ya ke, ba ya kuma bukatar dogon bayani: a tsare ran manomi da hanyar gonarsa, musamman a makonnin shuka da na girbi. Manzo Bulus ya ce ba a banza mai mulki ya ke riƙe da takobi ba (Romawa 13), in kuwa talaka yana biyan wani dabam domin ya shiga gonarsa, takobin ya kwana a kube. Amma akwai roƙon da a ke mantawa, shi ne kuwa mu ke so mu nanata. Mutanen da suka gudu za su komo wata rana, in Allah ya yarda. Gonar wa za su tarar? Muna roƙon gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa su sanar a fili cewa gonar ɗan gudun hijira ba ta zama ta kowa ba don ya yi shekaru ba ya nan, cinikin da aka yi kuma domin biyan fansa a ɗauke shi kamar jingina, mai gona ya iya fansar abarsa. A sauƙaƙa takardar shaidar riƙo, a yi ta a gaban hakimi da mai unguwa da maƙwabtan iyaka, da kuɗin da talaka zai iya, a kuma rubuta sunan macen da mijinta ya rasu da na marayunta. A sake auna burtali tare da ardo, a kafa alama. A faɗa wa manomi da baki da takarda cewa itacen da ya rena a gonarsa nasa ne. Sakkwato tana cikin jihohin shirin nan na Babbar Ganuwar Itatuwa. Da za a ɗebi kaɗan daga kuɗin dashe a kai manoman Gobir su ga gonakin danginsu na Maraɗi da idonsu, da ya fi tulin dashen da a ke ɗaukar hoto da su.

Zancen kuɗi kuwa gajere ne. A Maputo, a 2003, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba noma kashi 10 cikin 100 na kasafinsu. Kasafin tarayyar Nijeriya bai kai nan ba, yawancin shekaru ko rabinsa bai kai ba. Ɗan abin da a ke fitarwa ma, takin da ya iso bayan gero ya fid da kai ba taimako ba ne.

Yaya za mu kai wannan roƙo? A nan Nehemiya malaminmu ne. Ya husata ƙwarai, amma Littafi ya nuna mana ya yi shawara da zuciyarsa tukuna kafin ya buɗe baki. Bai tura matasa su ƙone gidajen attajirai ba. Ya fuskanci manyan ido da ido, ya kira babban taro, ya faɗi laifin da sunansa, ya kuma faɗi abin da ya ke so a yi da ranar da za a yi shi: a mayar da gonaki da gidaje a ran nan, a bar karɓar ruwa a kan bashi. Da suka yarda bai tsaya ga fatar baki ba, ya kira firistoci, ya sa aka rantse a gabansu. Sa'an nan ga abin da ya ba maganarsa nauyi. Shekara goma sha biyu yana gwamnan Yahudiya, bai karɓi abincin da ya ke hakkin gwamna ba, bai kuma sayi gona ko ɗaya ba, alhali kuwa a lokacin gona tana araha. Mutum ɗari da hamsin su ke ci a teburinsa daga aljihunsa.

Wannan ya kawo mu ƙofar gidanmu. Ekklesiyar da za ta je gaban hakimi da wannan magana, sai ta duba hannunta. In akwai a cikinmu mai albashi ko mai shago wanda ya ke ba da buhu ɗaya da bazara ya karɓi biyu da kaka, sura ta biyar ta Nehemiya da shi ta ke. In akwai wanda ya ga maƙwabcinsa yana neman kuɗin fansar ɗansa, ya ce ga zarafin samun fadama da rabin kuɗi, annabi Ishaya ya riga ya yi kashedi ga masu haɗa gona da gona har su zauna su kaɗai a ƙasa (Ishaya 5:8). Ba mu hana taimako ba. Ka ba shi kuɗin, ka riƙe gonar jingina in ya zama dole, ka noma ta da kyau, ka bar itatuwanta, amma ka rubuta a gaban shaidu cewa ran da ya kawo kuɗinka gonarsa ce. Ekklesiyoyin da su ke zaune lafiya a wasu wurare kuwa, baikon kaka da su ke tarawa, ya kamata a keɓe wani kashi na irin gero da wake mai nuna da wuri, domin wanda ya komo gida da hannu wofi ya sami abin sawa a rami.

Akwai wani aiki kuma wanda ya dace da mu, gama Allah ya ba mu karatu da rubutu. Sa'ad da rundunar Babila ta kewaye Urushalima, shi kuma yana tsare, annabi Irmiya ya sayi gonar danginsa a Anathoth, ya auna azurfa, ya kira shaidu, ya sa aka ajiye takardun cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe (Irmiya 32). Kowa a birnin ya ga gona ba ta da daraja a ran nan, shi kuwa ya gaskata za a sake ciniki da noma a ƙasar. Masu bishara da malaman makarantar Lahadi da su ke kusa da 'yan gudun hijira, a Sakkwato ko a Maraɗi ko a cikin garin Sabon Birni, su ɗauki littafi su zauna da dattawa, Kirista ko Musulmi, in sun yarda. A rubuta sunan gida, da wurin gona, da maƙwabtan gabas da yamma, da kudu da arewa, da itacen da ya ke kan iyaka, da wanda a ke bi bashi a kanta. Tsofaffin da suka san iyakokin nan suna ƙarewa a baƙunci, in kuwa suka tafi da saninsu, faɗan da zai biyo bayan komowa zai zama tsakanin ɗan'uwa da ɗan'uwa.

Muna roƙon dattawan kowace ekklesiya su karanta Nehemiya 5 a taronsu na wata mai zuwa, su yi addu'a domin Gatawa da Sabon Birni da Isa, domin masu mulki kuma, kamar yadda aka umurce mu a 1 Timothawus 2. Waɗanda su ke cikin Jihar Sakkwato kada su tafi wurin hukuma su kaɗai. Su nemi limamin unguwa da sarkin noma da ardo, a zauna a daidaita magana, a rubuta ta gajeriya cikin ladabi, kowa ya sa hannu, a kai wa hakimi da shugaban ƙaramar hukuma tun kafin ruwan shuka. Kofi ɗaya ya zauna a akwatin ekklesiya, ɗaya a hannun mai unguwa, a kuma rubuta a jikinsa ranar da aka ce a komo jin amsa.